Shafi na Uku

A garejin Mista Pettifer, bayan tashar jirgin High Wycombe,
sanyin safiya na cizon yatsu,
na ɗauki gwangwanin foliyuritan na girgiza
kamar mai kaɗa nono.
Tsohon bai ce uffan ba.
Ya dai ajiye kofin shayinsa, ya leƙo ni ta saman tabarau.

Kafin la'asar kujerar ta bushe,
fuskarta duk ƙuraje,
ƙananan idanun kifi, ɗaruruwa, sun zubo mini.
Na sa farce a kan ɗaya, ta fashe ta bar rami.

"Barira," ya ce, sunana na tuntuɓe a harshensa,
"iskar da kika kulle ce ta fito neman ƙofa."

Kwana biyu ina gurza da sanfefa.
Sauri ya haifi nawa,
ga ni ina renon jaririn.

Yanzu da sanda nake juyawa, tun daga gindin gwangwani,
sannu, kada man ya farka.
In tsiyaya kaɗan a kwano, in sirka da tina
har ya yi laushin zuma a rana.
Ba na kankare buroshi a leɓen kwano,
can kumfa ke ɗaukar ciki.
In ɗora shi inda jijiyar katako ta nufa,
ja ɗaya, dogo, har gefe,
in bar wurin.
Wannan barin shi ne wuya.
Hannu na ƙaiƙayin komawa,
kamar harshe da haƙori mai girgiɗi.

Ashe katako ma na numfashi.
In rana ta shigo ta taga ta ɗumama shi
sai ya saki ajiyar zuciya a ƙarƙashin shafi.
Don haka muke sakin labule,
mu jira yamma, sa'ad da jikinsa ke hucewa.

Shafi na uku, daren Alhamis.
Na bi sama da tsinin gashin buroshi kawai,
irin hannun da ake sa wa jinjiri kwalli.
Muka ja ƙofa, muka fita a kan yatsun ƙafa.

Da safe ga ƙwan fitila kwance a kan mazaunin,
cikakke, babu tsaga,
ga ɗankwalina a gefensa.
Tsohon ya kifa kujerar, babban yatsansa na lalube,
ya tsaya.
Kumfa ɗaya tal, a bayan ƙafar hagu.

Na miƙa hannu ga sanfefa.
Ya riga ni, ya jefa ta aljihu,
ya tafi ɗora buta.