Kwaɗo Uku a Aboabo

Kwana tara Baba bai ci abin kirki ba.
Koko ya huce a kofi,
tuwo ya yi ɓawo a kwano,
maganin asibiti kaɗai ke wucewa,
shi ma da kokawa.

Ran Laraba ya kira ni da ido.
"Zaliya," ya ce, "bududdugi nake marmari,
irin na fadamar garinmu."
Shekara arba'in yana Kumasi
bai taɓa furta sunan nan ba.

Na bi bayan masu kifi a kasuwar Asawase
har wurin Ayampoka, mai bokiti da murfi.
Ta dube ni, ta dubi mayafina,
ba ta tambaya ba.
Sidi talatin, gyara biyu,
baƙar leda cikin baƙar leda.

A ƙofar gida Mma Ramatu na tsince wake.
"Me za a yi wa tsoho yau?"
Na ce kwaɗo.
"Madalla, ki sa ƙuli ya ji, zogale na gyara jini."
Ban yi ƙarya ba.
Na shige, na danna wa ƙyaure nasa kwaɗon.

Fatar ta saɓule kamar safa.
Cinyoyin farare, siraran ƙauri,
na wanke da lemun tsami sau uku.
Da na barbaɗa gishiri sai suka motsa,
wallahi suka motsa,
tsallen da suka rage bashi
suke son biya a cikin tasa.
Na ja da baya ina salati.
Daga kan tabarma na ji wani sauti
da na kwana biyu ban ji ba:
Baba ne ke dariya.

Citta, tafarnuwa, masoro kaɗan,
barkono ɗaya don cikinsa,
garin masara a kai a kai.
Gawayi ya kama, man gyaɗa ya yi shiru,
na saki ta farko, ya ɗau tsegumi.
Ba sa son daɗewa.
Kafin ladan ya kai ƙarshen kira
sun yi launin bayan waina.

Ƙamshi bai san kwaɗon ƙofa ba.
Yaran gidan suka jeru a taga:
"Anti, 'yan shila ne?"

Ya ci shida.
Ya tsotse kowane ƙashi,
ya jera su a gefen faranti kamar ashana,
yana faɗin yadda shi da wansa Ɗantani
ke shiga ruwa da wutar kara,
ɗaya na haskawa, ɗaya na cafka,
da yadda Ɗantani bai ga damina ta ashirin ba.

Ta bakwai ya miƙo mini.
Na rufe ido na gatsa.
Tsakanin kaza da tarwaɗa,
da wani abu na garin da ban taɓa zuwa ba.

Da dare ruwa ya sauko, wuta ta ɗauke.
Kwatar bayan gida ta cika da kuka,
su da yawa, murya ɗaya.
Na kwanta ina jin kunyarsu.
Baba kuwa har minshari.