Uwar Kullu

Ƙarfe huɗun asuba a Rosario,
kogin Parana bai ko motsa ba,
ni da tanda kaɗai ke numfashi a layin nan.
Na goge allon farashi da bakin hannun riga.
Sau biyu alli ke ƙare mini a wata.
Fulawar jiya ce, burodin jiya ne,
kuɗin ne kawai ya kwana ya rame.

Evaristo, ɗan ƙanwata, ya shigo da jajayen idanu,
ya kwana ɗinkin abin da ido ba ya gani.
Wani kuɗi ne, in ji shi, da ke zaune a waya,
ba hoton shugaba, ba hatimin banki,
rubutunsa a shanye yake kamar wanki a igiya,
mai wucewa duk ya duba inda ya yage.

Na ce, wa ke biyan ka?
Ya ce, babu.
Na ce, to na wane ne?
Ya ce, Inna Nelida, uwar kullunki ta wace ce?

Na dubi kwalbar da ke kan kanta.
Kakata ta tsallako teku da ita a ƙirji.
Matar Ovidio ta gutsura, ta ƙara gishiri,
nata ya fi nawa tsami, ba mu yi faɗa ba.
Rabin unguwar nan daga kwalbar nan suke tashi.
Ya ce, haka namu yake.
Daga babban aka gutsuro shi,
muka rage masa nauyi don ya isa sayen burodi biyu.

Ban yarda ba. Wanda maciji ya sara
ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.
Na taɓa tsayawa a ƙofar banki da tukunya da ludayi,
ina bugawa har hannuna ya kumbura,
ƙofar ba ta ce mini uffan ba.

Amma ranar Talata Casimiro masunci ya zo,
aljihu wayam, hannu na ƙarnin kifi,
'yarsa ta turo masa daga wata ƙasa mai sanyi.
Ya ɗora wayarsa kusa da tawa,
ta yi ƙara ɗaya, 'yar siririya, kamar ɗan tsako.
Kafin in ƙulle leda, kuɗin ya iso.
Ba wanda ya yanki kasonsa a hanya.

Kada in yi muku ƙarya.
A watan Yuli abin ya faɗi warwas,
na kwanta da kuɗin buhu shida, na tashi da na uku.
Na jefi yaron da tsumman tanda.
Bai kauce ba. Ya ce, ban ce miki ba ya faɗuwa ba,
na ce dai ba a ɓoye miki littafin.

Wannan maganar ce ta tsaya mini.
Ubana ma a buɗe yake barin littafin bashi a kan tebur,
mai shakka ya lashi yatsa ya juya shafi.

Yanzu rabi ina karɓa a takarda, rabi a iska.
Kalmomi goma sha biyu da ya ce su ne makullina
na rubuta su da fensir,
na naɗe, na tura ƙarƙashin kwalbar.
In na mutu, wanda ya zo ciyar da kullu zai gan su.

Jiya wata mata da bai taɓa gani ba,
daga can inda rana ke fitowa in muna barci,
ta gano ɓaraka a layi na ɗari tara, ta ɗinke,
ba ta bar ko sunanta na gaskiya ba.
Ya gaya mini baki cike da ɓawon burodi.
Na ce, tambaye ta ko tana da tanda.
Na fara neman ƙaramar kwalba.