Bayan Ambulan

Ranar Laraba, ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya rufe Hull,
manaja ta miƙo min ambulan da hannu biyu
kamar mai raba goron suna.
Gidan tsofaffin da na yi wa hidima wata goma sha tara
an sayar, za a yanka shi ɗakunan haya.
Na ce na gode.
Har yanzu ban san godiyar mece ce ba.

A bas na juya ambulan, na ari biro
wurin wata yarinya mai koren gashi,
don hannu ya samu aiki kafin ido ya samu ruwa.

Da fari, Tasi'u, ka ci abinci.
Mai yunwa ba ya karanta takarda daidai.
Sannan ka karanta ta sau biyu,
ɗaya da ido, ɗaya da yatsa.
Akwai albashin mako uku da bai shigo ba,
akwai kuɗin hutun da ba ka je ba.
Guminka ne. Ka tambaya.

Bizarka ɗaure take da sunan gidan nan
kamar akuya a turke,
ga shi an tumɓuke turken.
Wasiƙar hukuma na tafe da kwanaki a ƙidaye,
sittin, in ji waɗanda suka riga ka shiga ruwan.
Kada ka jira ta. Ka fara ƙirga daga yau.

Ka je ofishin ba da shawara kyauta
da fasfo, da takardun albashi, da haƙurin layi.
Ka kauce wa mutumin nan mai baƙar jaka
da ke sayar da gurbin aiki fam dubu shida.
Iska ya sayar wa Iliyasu, har yau bashin yake biya.
In mai wankin mota ya ce zo, kuɗi hannu, babu takarda,
ka ƙi da murmushi.
Ruwan da zai kashe ƙishin yau shi zai ci ka gobe.

Ka samu mai gidan haya kafin wata ya mutu.
Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga shirun banki.
Ka rage hita, ka sa riga biyu.
Ginin Gumel ya tsaya a linta.
To, ya tsaya. Bulo ba ya ruɓewa.

Wannan layin sau uku na soke shi:
ka faɗa wa Lubabatu.
Ta san muryarka ko da ɗingishi kaɗan ta yi.

Gobe ka koma wurin manaja,
ka rataye fushi a ƙofa tare da kwat,
ka nemi takardar shaida:
cewa ba ka taɓa makara ba,
cewa tsoho Dennis ba ya shan shayi sai daga hannunka.
Neman aiki biyar kowace safiya a laburare,
wurin masu izinin ɗaukar baƙo kaɗai,
Leeds, Grimsby, duk inda jirgin ƙasa ke tsayawa.
Ran Juma'a ka buɗe baki a ƙofar masallaci,
wani ya san wani da ya san wata ƙofa.

Can ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa,
da ƙananan baƙaƙe:
ka duba kuɗin jirgi zuwa Kano.
Dubawa kawai.
Baƙon da ya san hanyar gida ya fi samun barci.

Bas ya wuce tashata da biyu.
Na miƙa biro, yarinyar ta ce in riƙe.
Na sauka cikin yayyafi, ambulan a ƙirji, ƙarƙashin riga.
A ɗaki na ɗora shinkafa,
na soke layin farko tun ba ta nuna ba,
na danna lambar Lubabatu.

Tana ƙara.
Ban kashe ba.