Matakala ta Ɗari da Sha Huɗu

A Valparaíso babu hanyar da ta kwanta.
Gari ne da aka jingina a jikin dutse
kamar tsani,
ni kuwa wasiƙu nake rabawa.

Karon farko ina 'yar sha shida,
a filin ƙwallon raga na makaranta.
Na juya, ƙafa ta ƙi juyowa.
Ƙoƙon gwiwa ya bar mazauninsa,
ya koma gefe yana harara ta
kamar murfin da tafasa ta ture.
Malama Ximena ta miƙar da ƙafar, ƙas,
ya faɗa ramin da ya fito.
Muka ce an wuce wurin.
Ashe hanya ya gani, ya haddace ta kuwa.

Na biyu a kasuwar kifi.
Na uku ina ɗaura igiyar takalmi.
Na biyar ban taka komai ba,
atishawa.

Na bakwai shi ne na matakala.
Jaka ta kife, iskar teku ta yi rabo,
takardar fanshon tsoho Evaristo
ta bi saman kwanon gidaje tana lilo.
Ina zaune riƙe da ƙafata
kamar kayan wani da aka ba ni ajiya,
ban yi kuka ba sai da na ga ta ɓacewa.

Likita Urrutia bai son dogon zance.
Bayan ambulan ya juya, ya zana:
“Nan akwai wata igiya,
daga ƙashin cinya zuwa gefen ƙoƙon.
Aikinta ɗaya, ta ce masa dawo.
Taki ta saki kamar robar tsohon wando,
ɗinki ba zai yi mata ba.
Sabuwa za mu sa.”
Na ce daga wace kasuwa?
Ya ɗora yatsa a cikin cinyata:
“Kina da jijiyar da za ki iya rantawa.”

Ashe jiki ma yana ɓoye guziri.

Sun ce in ƙirga daga goma in sauko.
Na kai bakwai.
Sauran labarin a hoton ƙashi na gan shi:
ƙananan huji biyu, ƙusa guda,
da jijiyar da ta yi ƙaura
ta kama aikin da ba ta taɓa koyo ba.
Na farka ƙafata a naɗe tsaf,
ƙunshi babu adireshi, babu mai karɓa.

Sai Leontina, mai gashin ƙashi,
mai hannun maƙeri da muryar reno.
Lanƙwasa. Kaɗan. Ƙara. Numfasa.
Cinyata ta rame kamar ba tawa ba.
Mako shida ina roƙon gwiwa
abin da jariri ke yi yana dariya.
Ranar da fedar keke ta zaga sau ɗaya
muka yi shewa har mai shara ya leƙo.

Jijiya ta kama.
Tsoro ne bai da wurin ɗaura ƙusa.
Shi nakan ji yana gocewa
duk sanda ƙasa ta jiƙe.

Wata na bakwai na ɗauki jaka.
Ɗari da goma sha biyu.
Sha uku.
Na tsaya, jiragen ruwa na kuka a ƙasa.
Na ɗora nauyina duka a kanta,
na jira.
Shiru.

Taga ta buɗe a sama,
Evaristo ya zuro furfurarsa:
“Rayén! Kin makara.”
Na ce ina zuwa,
saura tamanin da biyu in hawa.