Ɗaki na Uku

Ni ba likita ba ce.
Ni ce mai tafasa almakashi,
mai wanke robar gado, mai fita da bokiti
a ɗaki na uku, bayan ɗakin haihuwa,
inda fanka ta mutu tun bara
ba wanda ya zo mana gaisuwa.

Biyu saura na dare aka kawo ta a babur daga Meskin,
tsakanin direba da ƙanwarta,
kamar buhun da ake tsoron ya zube kafin a kai Marwa.
Hannunta na ƙanshin albasa.
Zanenta ya yi nauyi, ya yi baƙi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Hurera. 'Ya'ya bakwai, na goye bai yi haƙori ba.
Maigida ya bi motar kaya Kuseri tun kafin azumi,
wayarsa tana shiga, ba a ɗauka.

Madam Damaris ba ta da muryar alƙali.
Tambayarta irin ta mai auna rijiya ce
kafin ya zura guga:
"Me kika sha? Yaushe? Faɗa mini, ba ni da kowa a bayan labule."
Hurera ta amsa wa bango.
Bango ya riƙe, mu ma mun riƙe.

Sai aka ɗauke wuta, kamar kullum.
Tocila a damana,
haguna kuwa ita ta kama,
ta matse har zobena ya shiga nama.
Na ce mata: matse, 'yar'uwa, ba na aro ba ne.

Ban ce mata ba,
shekara goma sha tara ke nan, a Garwa,
bayan shagon wani mai magani,
an ƙure rediyo don kada maƙwabta su ji,
na nemi hannu, ƙafar benci na samu.
Har mijina ya koma ga Allah bai sani ba.
Wata shekarar nakan ƙirga:
da yanzu ya fi ni tsawo, da yanzu ta iya tuwo.
Wata shekarar ranar takan wuce ina tsinken zogale
ban ko tuna ba.
Duka biyun ni ce.

Kafin kiran sallar farko jinin ya tsaya.
Damaris ta cire safar hannu,
ta zauna a kan kwalin ruwan gishiri,
ƙafafunta sun kumbura kamar ƙullin da ya kwana.
Ta jawo rajista, ta girgiza biro,
ta rubuta kalma guda da Faransanci,
wadda mu muke ce wa ɓari.
Ta dube ni. Na dubi bokiti.

Ita Lahadi take zuwa coci,
ni kuma ga tabon sallah a goshina.
Ba mu taɓa zama mun daidaita littattafanmu ba.
Abin da muka sani tare kaɗan ne:
mace in tana zuba, tarewa ake yi,
tambaya ta jira gari ya waye.

Da gari ya waye Hurera ta buɗe ido.
Ba ta yi kuka ba, ba ta yi godiya ba.
Cewa ta yi, "Yau Talata ko?
Yau ne layina na ban-ruwa."
Ƙanwarta na bakin famfo tana cuɗa zanen,
jan ruwa na gangarawa gindin darbejiya,
zanen ya ƙi fita.

Na buɗe jakata na ba ta nawa.
Ta ce za ta dawo da shi ran kasuwa.
Haka duk suke cewa.
Wannan ne na goma sha ɗaya,
kuma ban ga laifinsu ba:
wa ke son sake taka ƙofar da ta san sirrinsa?

Sai dai bayan sallar layya,
wata safiya na zo buɗe ɗaki,
na tarar da kwano a bakin ƙofa, an rufe da faifai.
Albasa ce, manya, ja, da ƙasar gona a jikinsu.
Ba suna, ba saƙo.

Muka raba biyu, ni da Damaris.
Guda ɗaya ta yi saura.
Tana kan taga har yanzu,
ta fara tsiro.