Mai Garkuwa a Shagon Tsalha

A Zariya, bayan mai facin taya,
akwai shagon Tsalha: tele biyu, fanka ɗaya mai tari.
Dala ashirin awa guda.
In kuran ya ɗauke, a haɗa kuɗin man grup.

Mu huɗu ne.
Lawali da gatari, Barira da baka,
Ma'azu da bindiga mai tofin wuta.
Ni garkuwa ta faɗo wa,
ba don jarumta ba,
manet ɗin da nake samu maɓallin saransa ya mutu.

Da fari garkuwar nan katanga ce.
In na kafa ta, dodo ya zo da ƙaho, ya koma da jiri.
Su ukun su laɓe bayana,
Ma'azu na harbi da hannu ɗaya,
ɗayan na cikin ledar gyaɗa.
Muka ƙare kogon a daren Alhamis,
ba wanda ya yi gumi,
ba kuma wanda ya yi ihu.
Barira ta yi hamma ta ce:
wanga wasa ne ko gadin kanti?

Sai mizajur ta sauka wata safiya,
ta lashe wa Tsalha megan sati.
Wasu can, a garin da ban san sunansa ba,
sun zauna da alƙalami sun rage mini nauyi.
Duka uku, garkuwa ta tsage kamar tsohon kasko,
sai na ƙirga goma kafin ta dawo hannu.
Goma!
Cikin goman nan Lawali ya faɗi,
Ma'azu ya bi shi, gyaɗa ta watse a siminti.
Mi kake yi da ita, in ji shi, fifita?

Ran Asabar na aje ta.
Muka shiga mu huɗu, kowa da kaifi,
kowa na son sunansa a sama.
Ko ruwan shayin Tsalha bai tafasa ba
allo ya yi ja.

Da dare na tuna babana a lambun bakin Gulbi,
yana gyara kunya da bayan hauya.
In ta yi tsawo, ruwa ba ya kai wa tumatir.
In ta yi ƙasa, ya kwashe irin.
Bai taɓa awo da igiya ba,
ƙafarsa ce ke ji.

Na koma na ɗauke ta.
Na daina kafawa, na koyi jira:
kafaɗar dodo na motsi kafin hannunsa,
akwai wani ɗan numfashi tsakani,
nan ake ɗagawa, ba kafin ba.
In ka dace, ƙarfe ya yi ƙara, ya yi taga-taga,
Barira ta sami idonsa.
In ka kuskure, to, kai ne tabarma.
Lawali ya koyi tsayawa hagu da ni.
Ma'azu ya koyi riƙe manet da hannu biyu.

Bayan wata, mutanen alƙalami suka sake taɓawa,
goma ta koma bakwai.
Muka yi musu har kiran isha'i,
Lawali ya ce sun yi rowa, Barira ta ce ya isa,
ni ban ce komi ba, babban yatsana na zogi.

Allon ƙarshe ba ya ƙirga dukan da bai sauka ba.
Lawali arba'in da ɗaya. Barira talatin.
Ni can ƙasa, sifiri,
zagaye kamar abin da nake riƙe.

Na laluba aljihu, Tsalha ya girgiza kai:
an biya maka. Bai faɗi wa ba.
Barira na ɗaura takalmi, ba ta dubo ni.

Tun shekaranjiya ya gyara maɓallin saran.
Ban gaya musu ba.