Gida Huɗu

Malam Kwarteng ya raba allo gida huɗu:
ƙarfi, rauni, dama, barazana.
Ya ce kowa ya nemo kamfani ya auna kafin Laraba.
Ni ko ba ni da kamfani
sai rumfar atamfar Gwaggo Lantana a Kejetia,
taku uku faɗinta, har da kujera.

Na taso daga Aboabo da littafi a hammata,
na same ta tana ƙirga sidi cikin gwangwanin madara.
Na ce, Gwaggo, da wa kike gasa?
Ta nuna Maame Serwaa da leɓe,
mai sayar da irin zanenta, da rangwamen sidi biyu.
Na rubuta: barazana.

Aka kira azahar.
Gwaggo ta miƙa wa barazanar almakashi da gwangwani,
ta ja mayafi ta fita.
Ina zaune Maame ta sayar mata turmi biyu,
ta ƙi ragin ko sisi.

Da dare aka ɗauke wuta.
Da hasken waya na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya,
na rasa inda zan zaunar da matar nan.

Shirin shekara biyar fa? na tambaya da safe.
Ta ce, fara biyan kuɗin motar da na ranta maka.

Laraba na miƙa takarda.
Sunan Maame Serwaa na bisa layin tsakiya,
inda malam bai ce a rubuta komai ba.